Me ya sa labaran binciken 'yan sanda suke da jan rai, kuma shin gaskiya suke nunawa?

Mai Karatun Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena da ke nan. Tambaya nake da ita a kan wani nau'in ƙagaggen labari da na daɗe ina kauce masa, wato wanda ake bin aikin 'yan sanda daki-daki, tun daga lokacin da aka tsinci gawa har zuwa ranar da aka miƙa fayil ga mai gabatar da ƙara.

Ni dai na tashi ne da karatun labarai masu gudu, irin waɗanda kafin ka kai shafi na goma an riga an harbe mutum biyu, an kuma kifar da mota. To, a watan jiya wani abokin aikina ya ara mini fassarar Turanci ta wani tsohon littafi daga Suwidin mai suna Roseanna, wanda ya fito a 1965, kuma shi ne na farko a jerin labaran wani jami'i da ake kira Martin Beck. Labarin ya fara ne da injin yashe da ke kwashe laka a mashigar jiragen ruwa, wanda ya ɗago gawar wata mata babu sutura, babu takarda, babu wani abu da zai nuna ko wace ce. Na gyara zama ina jiran a fara tsere da harbe-harbe, amma abin da ya biyo baya bai wuce rubuta rahoto da buga waya da aika kamannin matar zuwa wasu ƙasashe ba. Shi kuma jami'in yana fama da mura da ɓacin ciki, in ya koma gida ya tarar da matar da ba su cika jituwa ba, sai ya raɓe gefe yana harhaɗa ɗan samfurin jirgin ruwa. An kai kusan wata 3 a haka kafin a san cewa marigayiyar Ba'amurkiya ce da ta zo yawon buɗe ido, kuma ko da aka san sunanta, mutanen da ke cikin jirgin da ta hau sun kai 85, yawancinsu sun riga sun watse sun koma ƙasashensu.

Ba zan ɓoye muku ba, sai da na ajiye littafin kwana huɗu. Abin da ya riƙe ni bayan na koma masa shi ne wurin da 'yan sandan suka nemi fasinjojin su aiko da hotuna da 'yan finafinan da suka ɗauka a lokacin tafiyar, suka zauna suna duba su ɗaya bayan ɗaya, ba don ganin waɗanda aka ɗauka ba, sai don neman wanda ya faɗo cikin hoton a bayan fage yana kusa da matar. Ban ankara ba sai da na ji ƙarfe biyun dare ta yi, alhali babu wanda ya zaro bindiga.

Tambayata kashi biyu ce. Shin wannan jan rai da gangan ake yin sa, ko kuwa rashin ƙwarewar marubutan da ne? Sannan abin da irin waɗannan littattafai suke nunawa, haka aikin yake a zahiri, ko dai an yi masa kwalliya ne kawai?

Tsohon Malamin Makaranta ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi dace da ka faro da wannan littafi, domin da ka faro da wasu na baya-bayan nan, da ka ɗauka cewa aikin mai bincike bai wuce danna kwamfuta da jiran sakamakon gwaji ba. Jan ran da ka gani da gangan ne, kuma a kansa aka gina nau'in baki ɗaya.

Kafin zuwansa, labarin bincike a Turai galibi na mutum ɗaya ne mai kaifin basira wanda ba ma'aikacin hukuma ba ne. Sherlock Holmes, wanda ya fara bayyana a 1887, yakan dubi takalminka da hannun rigarka ya gaya maka daga inda ka fito, 'yan sandan da ke cikin labarin kuwa an ajiye su ne domin su yi ta tafka kuskure, hasken gwanin ya ƙara fitowa. Amma kowa ya san cewa a duniya ba haziƙin da ke zaune a falonsa ne yake kama masu kisan kai ba. Masu kama su ma'aikata ne masu jiran albashi, masu shugabanni a kansu, masu cike fom, waɗanda kowannensu yake riƙe da fayil fiye da ɗaya a lokaci guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne marubutan Amurka suka fara ɗaukar wannan da muhimmanci. A 1949 aka fara wani shirin rediyo mai suna Dragnet, wanda ake tsamo labaransa daga fayilolin 'yan sandan Los Angeles, sannan a 1956 Ed McBain ya fara jerin littattafansa a kan wani caji ofis mai lamba 87 a wani ƙagaggen birni mai kama da New York, ya ci gaba da su har rasuwarsa a 2005, suka haura 50. Abin da ya kawo sabo shi ne ya mai da ofishin gaba ɗaya gwarzon labari, ta yadda wanda ya ja ragama a wannan littafi sai ka gan shi a gefe a na gaba. Har ma ya so ya kashe babban jami'insa tun a littafi na uku, masu buga masa littafin ne suka hana. Ya kan kuma saka hoton fom ko rahoto a tsakiyar shafi domin mai karatu ya ga takardar da idonsa.

Waɗanda suka rubuta littafin da ke hannunka, Maj Sjöwall da Per Wahlöö, mace da namiji ne da suke zaune tare, suka tsara tun farko cewa littattafai 10 za su yi, wannan ya rubuta babi, wancan ya rubuta na gaba, daga 1965 zuwa 1975, shekarar da Wahlöö ya rasu. Su biyun 'yan ra'ayin gurguzu ne, kuma manufarsu ita ce su nuna tsagar da ke jikin bangon ƙasar da duniya take yabo a kan kula da talakawanta. Za ka lura cewa in ka ci gaba da jerin, siyasar tana ƙara fitowa fili, kuma a nawa ganin a littattafan ƙarshe wa'azin ya so ya danne labarin. A na ƙarshen an kashe firaministan ƙasar. Shekara 11 bayan haka, ranar 28 ga Fabrairun 1986, aka harbe firaminista na gaske, Olof Palme, a kan titin Stockholm yana dawowa daga silima da matarsa, kuma aka rufe wannan bincike a 2020 ba tare da akwai wanda yake ɗaure a kan laifin ba.

Dangane da tambayarka ta biyu, bari in ba ka labarin da ba ƙage ba ne. Tsakanin 1975 da 1980 wani direban babbar mota mai suna Peter Sutcliffe ya kashe mata 13 a arewacin Ingila. 'Yan sanda ba su zauna ba, sun yi aiki tuƙuru, suna rubuta kowane bayani a kan kati suna jerawa a akwatuna, har nauyin takardun ya sa aka ƙarfafa daɓen ɗakin da ake ajiye su don kada ya rufta. Sau 9 aka yi wa mutumin tambayoyi aka sallame shi, domin jami'in da ya je wurinsa yau bai san abin da wanda ya je bara ya rubuta ba, kuma manyansu sun shagala da wani kaset na bogi da wani ya aiko yana iƙirarin shi ne mai kisan, suka riƙa tsame duk wanda karin harshensa bai yi daidai da na kaset ɗin ba. A ƙarshe, a Janairun 1981, 'yan sandan sintiri biyu ne suka kama shi a Sheffield saboda lambar motarsa ta bogi ce. Wannan abin kunya ne ya sa aka ƙirƙiro manhajar kwamfuta ta tattara bayanan manyan bincike a Birtaniya, aka kuma raɗa mata suna HOLMES. Saboda haka in ka ga marubuci ya ɓata shafi biyar a kan wane ne ya karanta wace takarda, kada ka ce ya ɓata maka lokaci, domin a nan ake samun mai laifi, a nan kuma yake sulalewa.

Ni ma'aunina guda ne idan na ɗauki irin wannan littafi: shin jami'in ya san wani abu da bai yi gumi a kansa ba? Idan amsar ta zo masa ta mafarki, ko mai laifin ya tsaya haka kawai ya zayyana masa komai yana nuna shi da bindiga, to marubucin ya cuce ni, kuma ba na sake sayen littafinsa.

Lauya Daga Kaduna ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru ƙwarai da bayaninka, amma ina neman izini in ɗan saɓa maka a kan tambaya ta biyu, domin ina ganin ka yi wa marubutan nan sassauci. Ƙanena, ƙananan abubuwan da suke nunawa galibi gaskiya ne, don da yawansu tsofaffin 'yan jarida ne ko tsofaffin 'yan sanda. Joseph Wambaugh yana cikin kakin 'yan sandan Los Angeles ya fitar da littafinsa na farko, Michael Connelly kuma ya yi shekaru yana ɗauko wa jarida labaran laifuka a birnin. Inda ƙaryar take shi ne a ƙarshen labarin, da kuma idon da aka ara maka kake kallo da shi.

A littafi kusan kullum ana gano mai laifi. A Amurka kuwa, inda aka fi rubuta irin waɗannan labarai, alƙaluman hukuma na shekarar 2022 sun nuna cewa kusan rabin kashe-kashen da aka yi ba a kai ga kama kowa a kansu ba. Wani ɗan jarida, David Simon, ya shafe shekarar 1988 yana zaune da sashen binciken kisan kai na birnin Baltimore, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai daga abin da ya rubuta shi ne allon da ke rataye a ofishinsu, inda ake rubuta sunan mamacin da ba a gano wanda ya kashe shi ba da jan tawada, idan an kama wani kuma a mayar da sunan baƙi. Ka yi tunanin matsin da ke kan jami'in da layinsa ya cika da ja, shugabansa yana wucewa ta gaban allon kowace safiya. Allon ba ya tambayar ko wanda aka kama shi ne ya yi, launi kawai yake canzawa.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato amsa laifi. Marubuci yakan nuna maka mai laifin tun farko, ko ya sa ka amince da hasashen jami'in, don haka idan aka kulle ƙofa aka fara yi wa wanda ake zargi barazana, kai mai karatu kana murna, lauyan da ya shigo ya ce a dakata kuwa shi ne ya zama mugu a idonka. A zahiri babu wanda ya karanta babin farko. A 1986 a yankin Leicester na Ingila, wani yaro ɗan shekara 17 ya amsa cewa shi ya kashe wata yarinya, 'yan sanda suka kai samfuri wurin Alec Jeffreys, masanin da ya gano gwajin ƙwayoyin halitta na DNA a 1984, suna so ya tabbatar musu cewa yaron ne ya kashe wata yarinyar ma shekara 3 kafin nan. Sakamakon ya nuna cewa mutum ɗaya ne ya aikata duka biyun, kuma ba wannan yaro ba ne. Sai da aka ɗebi jinin maza kusan 5,000 a ƙauyukan yankin, kuma duk da haka mai laifin, wani ma'aikacin gidan burodi, ya zille ta hanyar tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa. Suɓutar bakin abokin a wurin shan giya ce ta tona asiri, aka yanke wa mutumin hukunci a 1988. Karo na farko ke nan da aka yi amfani da wannan gwaji a binciken kisa, kuma aikin da ya fara yi shi ne wanke wanda ya riga ya amsa laifi da bakinsa.

Shi ya sa ni littafin da nake girmamawa shi ne wanda doka take ɗaure hannun jami'in, marubucin kuma bai mai da dokar abin dariya ba. A Ingila, tun dokar 1984, awa 24 ake tsare mutum ba tare da an tuhume shi ba, babban jami'i zai iya ƙarawa zuwa 36, fiye da haka sai da izinin kotun majistare, kuma iyaka awa 96 a laifukan da ba na ta'addanci ba, ana kuma naɗar tambayoyin da ake yi masa. Marubucin kirki ba ya buƙatar tseren mota, wannan agogon ya ishe shi ya hana ka barci. A Japan kuwa ana iya riƙe mutum har kwana 23 kafin a gurfanar da shi, kuma lauyansa ba ya zama a ɗakin tambayoyi, don haka labarin 'yan sandan can dole ya bambanta da na Landan tun daga tushe.

Mu ma a takarda ba a bar mu a baya ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta 2017 kuma ta haramta azabtarwa. Amma na taɓa zuwa wani caji ofis neman belin wani magini da ya kwana shida a bayan kanta, na tarar da jami'in da ke riƙe da fayil ɗin yana rubuta sitatimen da biron da ya ara a hannun mai ƙara, wuƙar da aka ce ita ce eksibit, wato hujjar da za a kai kotu, kuma tana cikin baƙar leda a ƙarƙashin teburinsa, kowa ya shigo sai an zaro ta an nuna masa da hannu. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, gajiya na gani, domin ya gaya mini cewa da kuɗin aljihunsa ya hau babur ya je wurin da abin ya faru.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Salamu alaikum. Malam da Hajiya lauya, na gaishe ku. Ni da Faransanci nake karanta nawa, shi ya sa nake so in ƙara wani gefe da ba a taɓo ba.

Mu da muka yi makaranta a wannan ɓangaren da kwamishina Maigret muka buɗe ido, wanda Georges Simenon, ɗan Beljiyam, ya rubuta littattafai 75 a kansa daga 1931 zuwa 1972. Ana yawan jera shi cikin wannan nau'i saboda ma'aikacin hukuma ne mai ofis a lamba 36 ta Quai des Orfèvres a Paris, yana da sufetoci a ƙarƙashinsa, amma ni ban cika yarda ba. Maigret bai damu da zanen yatsa ba kamar yadda ya damu da ya zauna a shagon unguwa yana zuƙar lofe har sai ya fahimci yadda mamacin yake rayuwa. Kuma abin da Hajiya ta faɗa ya hau kansa daidai, domin ya shahara da tsare mutum a ofis dare guda cur yana maimaita masa tambaya ɗaya, ana aiko musu da burodi da giya daga gidan abincin da ke kusa, har sai mutumin ya gaji ya buɗe baki. Muna karantawa muna cewa ga dattijo mai haƙuri, alhali a Faransar yau, tun gyaran dokar 2011, wanda aka tsare yana da haƙƙin lauya ya zauna tare da shi lokacin tambayoyi.

Wani abin da mai karanta fassara yakan rasa gane kansa shi ne matsayin alƙalin bincike. A tsarin Faransa, wanda Nijar ta gada, babban laifi kamar kisan kai alƙali ne yake jagorantar bincikensa, shi yake ba 'yan sanda ko jandarma umarni, kuma aikinsa ne ya nemo hujjar da za ta kama mutum da wadda za ta wanke shi. Saboda haka rigimar da ke cikin labaran Faransa ba tsakanin jami'i da lauya take ba kamar ta Amurka, tsakanin kwamishina ne da alƙalin da ke zaune a ofis yana matsa masa ya kawo wanda za a tuhuma.

Sai dai Hajiya, a kan batun girmama doka ina da ja kaɗan. Idan dokar ce kanta azzaluma fa? James McClure, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu, ya fara wani jeri a 1971 a kan jami'ai biyu a zamanin wariyar launin fata, Kramer farar fata da Zondi Bazule. Su biyun sun san ƙimar juna, kuma sau da yawa Zondi ne yake samo bakin zaren saboda shi ne yake jin abin da masu aikin gida suke faɗa, amma a gaban mutane dole ya koma kamar yaron gida. Marubucin bai tsaya yin huɗuba ba, ya bar ka ka ga yadda ake bin ƙa'ida sau da ƙafa a cikin tsarin da ƙa'idar tasa ce ta raba mutane gida-gida tun daga takardar haihuwa. A ganina amfanin wannan nau'i ke nan da sauran labaran bincike ba su da shi: ɗan sanda ne kaɗai yake shiga gidan minista da safe, ya shiga ɗakin ɗan dako da yamma, kuma yadda yake ƙwanƙwasa ƙofofin biyu ya ishe ka sanin ƙasar. Game da cewa kullum ana gano mai laifi kuma, ba na jin masu karatu wawaye ne. Wanda aka yi wa sata aka ce ya bar wa Allah ya san yadda duniya take, kuma don haka ne ma yake sayen littafin.

Mai Karatun Dare ya sake rubutawa:

Baba Malam, Anti lauya, da yayana na Damagaram, Allah ya saka da alheri, na sami fiye da abin da na nema. Anti, maganarki ta sa na koma na sake duba ƙarshen littafin, sai na lura cewa ba hujja ce ta kama mutumin ba, tarko aka ɗana masa da wata 'yar sanda, kuma saura ƙiris a rasa ranta saboda abokan aikinta sun makara. A karatun farko murna na yi, a na biyu kuwa sai na tambayi kaina ko wa zai amsa tambaya da ta mutu.

Zan kuma faɗi abin da na ɓoye da farko. Na fara ɗan rubuce-rubuce da Hausa a kan wani saje da aka ba binciken gawar da aka tsinta a kududdufi, amma duk abin da na rubuta sai in ga kamar jami'in Landan ne na sa wa hula da babbar riga. Ta ina zan kama?

Lauya Daga Kaduna ta sake amsawa:

Yayana na Damagaram, na karɓi gyaranka a kan azzalumar doka, ko da yake har yanzu ina nan a kan cewa jami'in da ya saba tsallake doka don kama mai laifi ba ya daina tsallakewa ranar da ya kama marar laifi.

Ƙanena, matsalarka ita ce ka aro matakan aikin daga wata ƙasa, alhali a wannan nau'i matakan su ne labarin. Ka fara da tambayar abin da sajenka zai tarar idan ya isa bakin kududdufin. Zai tarar da mutum ɗari sun riga shi, an tattake duk wani sawu, wani bawan Allah ya riga ya tsamo gawar ya lulluɓe ta da zane saboda mutunci, mai unguwa yana tsaye, dangi kuma suna roƙon a ba su ita su yi mata sutura kafin la'asar. Ga agogonka nan, kuma ya fi na Ingila tsanani, domin sajen yana da 'yan awanni ne kawai ya shawo kan uban mamacin ya yarda likita ya duba gawar, a wurin da mutane da yawa suke ganin fiɗar mamaci cin zarafi ne. Kada ka mai da uban jahili, don yana da hujjarsa, kada kuma ka mai da sajen marar imani, don shi ma zai bi sallar gawar. Bayan nan akwai shaidun da suka ga komai amma ba wanda yake son a rubuta sunansa, akwai 'yan sintirin unguwa da suka riga suka kama wani suka lakaɗa masa duka, akwai dattawan da za su zo da maganar sulhu, akwai kuma wayar mamacin da ta ɓace, wadda neman bayananta daga kamfanin sadarwa zai ci takardu da makonni.

Kafin ka ƙara rubuta ko layi ɗaya, ka nemi hutun mako biyu ka riƙa zuwa kotun majistare mafi kusa da kai, don zaman kotu a buɗe yake ga kowa. Ka zauna a bencin baya da ɗan littafinka, ka saurari yadda ɗan sanda mai gabatar da ƙara yake karanto tuhuma, da yadda tafinta yake juya ta zuwa Hausa, da dalilan da ake bayarwa idan za a ɗage zama. Ka je da wuri, domin hirar da ake yi a gindin bishiya kafin alƙali ya shigo ta fi abin da za ka ji a ciki amfani a gare ka. Idan ka gama babin farko ka turo mini, zan duba maka wuraren da doka ba ta yarda da abin da sajenka ya yi ba.